Cokalin Torleif

"Eilif, fito daga ƙarƙashin teburin nan. Haba ɗana, fito mana."

Bai ko motsa ba. Ya ƙanƙame cokalinsa a ƙirji, idonsa na kan bututun ruwan zafin da ya ratsa kicin ɗinmu ya haura sama, gidan Torleif. Lokacin bugu ya wuce tuni, bututun kuwa shiru.

Shekarar Eilif huɗu, maganarsa ba ta da yawa, abincinsa ma haka. Farin burodi da aka yanke wa ɓawo, dafaffen dankali, sai madara. Duk abin da ke da launi ko ƙamshi, kuka ne har da amai. A farkon hunturu, da rana ta daina leƙowa garinmu na can ƙuryar arewacin duniya, likita ta duba jininsa ta rubuta masa ruwan magani mai ƙara jini da ƙarfin ƙashi, cokali guda kullum. Ta ce in bai sha ba, in jinin bai hau ba kafin mu koma, sai an kwantar da shi an zura masa roba ta hanci. Yaron da ko hula ba ya yarda ta taɓa masa goshi! Babansa yana can teku wurin aikin mai, sai bayan makonni yake zuwa. Ni kaɗai na yi ta fama. Na taɓa ɗiga masa a madara, ya sansana, ya ƙaurace wa madarar har na fara tsorata.

Torleif ne ya same mu a matakala wata safiya, ina bin yaron da kwalba. Tsohon masunci ne, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune a samanmu.

"Ke Sunniva, yanka shi za ki yi ne? Ko ni na ga kin taho da wannan fuskar ai gudu zan yi."

"Torleif, yau ba ni da bakin wasa."

"To biyo ni da shi. Kada ki ce masa komai."

A kicin ɗinsa ya ɗauko kwalbar man hantar kifi, wanda ya ce tun yana ɗan makaranta ake jera su a ɗura musu, aji guda cokali guda. Bai kalli Eilif ba. Ya buga cokali a jikin bututu, ya cika shi, ya haɗiye, ya yamutsa fuska, ya doka ƙafa a ƙasa.

"Kai! Guba!"

Eilif ya yi dariya. Washegari ma haka. Ana nan ana nan, ranar nan ya miƙo hannu ya karɓi nasa cokalin mai maganin likita, ya sha da kansa, ya doka ƙafa. Tun daga nan kullum da safe Torleif zai bugo bututu daga sama, Eilif ya amsa daga ƙasa, mu hau su sha tare. Kumatun yaron suka fara cikowa.

Sai tari ya kama tsohon. Aka kai shi asibiti, ya dawo ya rame ƙwarai, ya ce a gidansa zai ƙarasa. Ya sa 'yarsa Gunvor, wadda ta zo daga kudu jinyarsa, ta ja gadonsa kusa da bututu. Bugun ya riƙa yin rauni, har sai na kashe rediyo kafin mu ji. Ba ya iya haɗiye man, leɓensa kawai yake shafawa, amma ba ya fasa cewa guba.

Jiya da suka gama, ya riƙe min hannun riga.

"'Yata, gobe ke za ki sha."

"Ni? Rabona da wannan abin tun ina firamare. Warinsa kawai tayar min da zuciya yake."

"Dubi matsoraciya. Kina son yaro ya sha abin da ke ba ki iyawa."

"Ai kana nan."

"Ina nan ina? Wannan kwale-kwalen ya ɓule, ke ma kin gani."

Na yi dariya don kada in yi kuka, na gyara masa bargo muka sauko.

Yanzu ga shi gari ya waye babu bugu. Na durƙusa kusa da teburin. A sama na ji takun mutane, takun da ba nasa ba, aka ja kujera, wani ya yi magana ƙasa-ƙasa. Gabana ya faɗi. Kuma Allah ya sani, a daidai lokacin har da robar hancin nan a raina, saura mako guda mu koma wurin likita.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Gunvor ce, idonta ya yi ja, ko takalmi ba ta sa ba.

"Baba ya tafi, Sunniva. Da asuba, yana barci."

Na rungume ta, muka tsaya haka a bakin ƙofa, sanyin matakala yana shigowa. Da ta sake ni sai ta miƙo min kwalbar man da tsohon cokalinsa wanda bakinsa ya lanƙwashe saboda bugu.

"Tun jiya ya ce in kawo. Wai ke zan ba wa, ba yaron ba. Ya ce in kin ƙi, in faɗa miki yana kallonki."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba, ta juya ta hau.

Da na dawo kicin, Eilif ya fito. Yana tsaye gaban bututun, ya buga da cokalinsa, ya saurara. Ya sake bugawa.

"Tor," ya ce.

"Tor ba zai buga ba, ɗana. Tor ya mutu."

Ban san ko ya fahimta ba. Ya fara rangaji gaba da baya, yadda yake yi kafin kuka ya ɓarke masa. Ban taɓa shi ba. Na cika cokalinsa da maganinsa na ajiye a gefen tebur, na juya masa baya kamar yadda Torleif ya yi ranar farko. Na buga bututun da lanƙwasasshen cokalin, na buɗe kwalbar. Warin ya daki hancina har idona ya kawo ruwa. Na rufe ido na haɗiye.

"Kai! Guba!"

Ba wasa na yi ba, da ƙyar na danne amai. Sai na ji ɗan hannu ya ja ƙafar wandona, ya ɗaga ta, ya sake ta a ƙasa. Na manta da dokawa. Na doka.

Na ji ƙarar cokali a haƙoransa, sannan ƙaramar ƙafa ta daki katako.

Ban juyo da wuri ba. Ta taga na hango mai gidan da ke tsallake ya fito cikin dusar ƙanƙara, ya ja tutarsa sama, ya sauko da ita rabi ya ɗaure, alamar makoki. Eilif ya ajiye cokalinsa kusa da na Torleif, ya kifa tafin hannunsa a jikin bututun mai ɗumi, ya ɗaga kai yana kallon rufi.