Ciwon Injin Haliru

Haliru mai casar shinkafa a Bagudo ya rantse injinsa na lantarki ya kamu da ciwo. Yana cikin aiki lafiya sai ya yi wani gurnani, ya bari, can kuma ya sake. Makanikai biyu sun duba, sun ci tuwo, sun tafi.

Sai ya kira Zuhura, 'yar ƙanwarsa da ta karanci lantarki a Birnin Kebbi. Ta manna wata 'yar na'ura a jikin injin, ta haɗa da kwamfutarta, layuka suka fara tsalle.

"Kawu, kowace cuta da irin rawar jikinta," in ji ta. "In boris ɗin da sandar ciki ke juyawa a kansa ya ci, nan layin zai tashi. In sandar ciki ta lanƙwashe, nan."

"To, mi kika gani?"

"Babu ko ɗaya. Amma ga wani tsini da ban taɓa gani ba. Yakan yi daƙiƙa talatin ya ɓace."

Ta zauna tana rubuta lokutan. Tsinin ya ɗauke da azahar, ya dawo bayan an sallame.

"Ciwon da ke zuwa masallaci?" Haliru ya ja da baya. "Wanga ba aikin boko ba ne."

Zuhura ta kashe injin. Gurnanin ya ci gaba. Mata masu jiran shinkafa suka watse, ɗaya har da barin takalmi.

Ta kwance murfin fanka. A maƙale a lungu ga wata ƙaramar waya mai tocila, ta yi fari fat da dusa, tana kakkarwa. Kira ɗari biyu da sha huɗu.

Haliru ya ɗauka da yatsa biyu. "Salamu alaikum?"

"Wane ne kai?" wata murya ta daka tsawa. "Kwana huɗu ina kiran matata Dela! Ni ne Namadi, daga Segbana!"

"Ai ba ni ba ne, inji ne."

Kafin la'asar Namadi ya tsallako iyaka a babur, da sanda. Dela na bayansa tana faɗa masa, karo na ashirin, cewa a kan injin ta ajiye wayar tana ɗaure buhu.

"To Dela tana gida kwana huɗu, wa kake kira?" Zuhura ta tambaye shi.

Namadi ya jingine sandar. "So nake in ji wanda zai ɗauka."

Haliru ya auna masa tiya biyu ta shinkafa, ya roƙe shi ya riƙa yi wa matarsa magana baki da baki.