Akwatin Famfon Aujara

A shekarar 2004 wani kamfani da ke Dutse ya kafa wa mutanen Aujara rijiyar burtsatse, da ɗan akwatin kwamfuta mai kunna famfo da kashe shi. Misbahu ne ya haɗa wayoyin. Shugabansa, Injiniya Ashafa, shi ya loda manhajar.

Sai akwatin ya riƙa sumewa duk bayan kwana uku, ruwa ya ɗauke. Da mutanen gari suka taru a gindin tanki suna ƙorafi, Ashafa ya ce ai Misbahu ne ya zare wani ɓangare na memorin, wato ma'ajiyar bayanan akwatin, ya sayar. A shekarun nan kalmar ɓarawo ba abin wasa ba ce. Ba a kai shi gaban alƙali ba, amma an kore shi, har surukinsa ya daina amsa masa gaisuwa da kyau.

Misbahu bai yi rantsuwa ba, bai roƙi kowa ba. Ya ari kwamfutar hannu, ya lallaɓa Malam Sale mai gadi ya buɗe masa ɗakin injin. Kwana uku yana zuwa daga gidansa a Jahun, ya jona waya, ya zauna yana karanta abin da akwatin ke rubutawa, har akwatin ya sume a gabansa. Saƙon ƙarshe ya nuna manhajar ta je ajiye bayani a wurin da babu shi. Ya buɗe saitin. An gaya wa manhajar memorin megabait sittin da huɗu ne, alhali talatin da biyu aka ƙera akwatin da shi. A saman saitin ga sunan Ashafa da kwanan wata.

Gyaran minti biyu ne. Misbahu ya rufe akwatin yadda ya same shi. Ya san mata za su ci gaba da tafiya rijiya mai nisa, abin ya dame shi, amma ya jira har sati biyu, ranar da Alhaji Sani mai kamfanin ya zo da Ashafa don su ba dagaci haƙuri.

Misbahu ya ratsa taron ya gaida manya, ya ajiye kwamfutar, ya roƙi Alhaji ya duba takardar da akwatin ya zo da ita. Talatin da biyu. Sannan ya juya allon.

"Injiniya, karanta musu wannan layin. Da sunan da ke sama."

Ashafa ya fara kame-kame da Turanci. Dagaci ya ce a yi da Hausa. Ya karanta: sittin da huɗu, da sunansa a sama.

Misbahu ya canza lambar a gaban kowa, famfo ya tashi. Alhaji ya sallami Ashafa a ranar, ko motar kamfani bai bari ya shiga ba. Bayan wata guda Ashafa ya turo yayansa neman gafara. Misbahu ya shimfiɗa wa dattijon tabarma, ya ba shi fura, ya ce masa bai shirya yafewa ba tukuna.