Abin da Ke Cikin Filas ɗin Direba

Ihun fasinjoji ne ya farkar da direban. Kafin ya taka birki, tayar gaba ta haye gefen titi, wata mai goyo ta bugu da ƙarfen kujera. Rana tsaka barci ya sace shi, ga bas maƙil da mutane.

Manajan kamfanin ko kujera bai nuna masa ba. Ya ce ya je asibiti a duba shi, in aka kuma, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Direban ya fito yana huci. Shi da ya yi furfura a kan sitiyari, yau sa'an ɗan cikinsa ke nuna masa ƙofa da biro.

Likitar da ke duba masa hawan jini ta auna shi, sai ta hau yabo. Jini ya sauka, bugun zuciya ya daidaita, ashe dai ya ji magana ya bar baƙin shayi. Ya ce shi bai bar komai ba, ga ma filas ɗinsa. Ta buɗe, ta shinshina, ta kalle shi ta saman tabarau. Wannan jan ganye ne, in ji ta, kala kawai gare shi. Baƙin shayi ne mai kafeyin da yawa, sinadarin da ke korar barci, koren shayi na bi masa, wannan kuwa babu ko ɗigo. Wanda ya saba, in aka yanke masa farat ɗaya, ciwon kai da gyangyaɗi za su addabe shi. Shi ya sa ake janyewa a hankali.

Ciwon kan da ya yi kwanaki yana ɗora wa zafin inji ke nan. Mutum ɗaya ke cika filas ɗin nan a duniya.

Ya tarar da matarsa tana shanya. Bai yi sallama ba, ya dangwarar da filas a gabanta. Ba ta musa ba. Ta ce ita ta juye jan ganyen a gwangwanin baƙin shayinsa, ta ƙara madara don kada ya gane, tunda roƙo ya ƙi ci.

"Kin san rai nawa na ɗauko yau? Da kin mai da ni mai kisan kai!"

Maganar ta shige ta, amma bakinta bai mutu ba.

"Ranar da ka faɗi a banɗaki, Baban yara, fasinjojin ne suka ɗaga ka?"

Ya ce aikin nan ke riƙe da gidan. Ta ce gawa ba ta tuƙi.

Da safe ta dire masa gwangwani biyu, na baƙin ganye da na ja, ta ce ita hannunta ya fita. Ya tuna fuskar manaja, ya tuna mai goyon nan. Ya ɗebi baƙin, ya cika cokali, ya ƙara wani, ya dafa shi ya yi kauri.

A bakin ƙofa ta tare shi. Ya zaci haƙuri za ta ba shi, har ya fara sassauta fuska. Katin asibitinsa ne a hannunta. Ta cusa masa a aljihun gaban riga, ta danna da tafin hannu, daidai kan zuciyar.

"Bar shi nan," ta ce, "inda masu ɗaga ka za su gani da wuri."