Ƙasar Fadama a Kan Bene

"Baƙar ƙasa nake so, mai laushi," in ji Jonah, "irin wadda ke manne da kofaton jakinka ɗin nan. Ka kawo mini mangala biyu yanzu, in na buƙaci ƙari zan gaya maka."

Barau ya dubi kofaton jakin, ya dubi mutumin. Shi dai albasa ya kawo Birnin Kudu daga Kangire, kuma tunda yake bai taɓa jin wanda ya taya ƙasa ba in ba magini ba.

"Gini za ka yi, Malam?"

"Shuka. Dankalin turawa." Jonah ya nuna sama da leɓe. "A can."

Can ɗin wata 'yar baranda ce a benen da yake haya kusa da tasha, wadda in ka shimfiɗa tabarma sai ka naɗe gefenta. Rabin duro huɗu ne jere a kanta. Jonah bakaniken kamfanin titi ne, mutumin tsaunukan Jos. Ya ce a garinsu da dankalin nan aka yaye shi, ga shi sanyi ya shigo, yana so ya gwada ko zai yi.

"To me zan samu?"

Jonah ya hau sama ya sauko da dogon takalmin roba irin na ma'aikata, sabo fil. "Wannan, da kwano guda na dankali in ya yi."

Barau ya daɗe yana sha'awar irin takalmin, don ƙafarsa duk faso ne saboda ban ruwa. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya ce ya sallama. Amma a hanyar gida abin ya yi ta cin sa: sabon takalmi a bakin ƙasa?

Fadamar da zai ɗebo ƙasar ba tasa ba ce. Aro ce daga Alhaji Maikuɗi mai shagon yadi, tun Barau yana da ɗa ɗaya. Shi ya sare ƙayarta, shi ya kai mata taki har ta yi baƙi. Albasarta ce ke riƙe da gidansa daga kaka zuwa kaka, don gonarsa ta gado jigawa ce, geron da take ba shi ba ya kai su bazara.

Shekarar kuwa ta Udoji ce, wadda gwamnati ta yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Kuɗin man fetur sun shigo, kowa ya gane arzikin ƙasar nan a ƙarƙashin ƙafa yake kwance, kuma kowa na zargin maƙwabcinsa ya riga shi sanin wurin.

Daidai gaban benen akwai teburin Ɗanbala mai shayi, mutumin Kwandiko ta ƙasar Gwaram, wanda ya yi leburancin haƙar kuza a Jos da ƙuruciya. Daga bencinsa ana ganin duk abin da ake yi a barandar. Ranar da aka kai ƙasa, Jonah ya zauna ya tankaɗe ta da rariya, yana tsince tsakuwa yana tarawa a gwangwani. Ɗanbala ya tsaya da buta a hannu.

"Kun ga wancan? Wallahi haka muke yi wa kuza."

"Ya ce dankali ne," in ji Barau.

"To da cewa zai yi me? Ka taɓa ganin wanda ya zo neman abu ya faɗi sunansa?"

Shuka ta fito kore shar. 'Yan benci suka ɗan sassauta zargi. Sai Jonah ya nemi ƙarin ƙasa, ya zuba a kan shukar ya binne ta har wuya, ganyen sama kaɗai ya bari. Ta sake tasowa, ya sake neman ƙasa, ya sake binnewa. Barau ya kasa haƙuri ya tambaye shi.

"Haka ake yi masa, Baba Barau. In rana ta ga 'ya'yan sai su yi kore, su yi ɗaci. A duhu yake so ya girma."

Da Barau ya kawo wannan amsa benci, Ɗanbala ya yi dariya har da buga cinya. "Manomin da ke binne shukarsa! Ganyen nan na rufe ido ne, ɗan'uwa. Ƙasar yake so. Duba ƙasan duron, ka ga hujin da ya yi? Ya zuba ruwa ta sama, ruwa ya fita ta ƙasa, mai nauyin ya zauna. Ni fa na yi aikin nan."

A gida Turai, matar Barau, ta ce masa, "Malam, mutum ya ba ka takalmi, ya ce dankali. Ka bar shi a dankali mana. Ina ruwanka da abin da ke cikin duron wani?"

Bai ji ba. Ya ce zai gwada Jonah. Da aka nemi ƙasa karo na gaba, sai ya ɗebo ta jigawarsa, ya gauraya da toka don ta yi duhu. Jonah ya damƙa ɗaya, ya murza, ya watsar.

"Wannan ba ita ba ce. Ta wancan wurin nake so."

Barau ya ji wani daɗi, ya kama shi. Da ya wuce gida da wannan magana a cikinsa, da shi ke nan. Amma mutum in ya kama wayon wani, yana so a sani. Ya ɗaure jaki ya zauna a benci, ya ba da labari tiryan-tiryan: yadda ya haɗa tarko, yadda baƙon ya gane ƙasar da taɓawa ɗaya. Kafin la'asar maganar ta isa shagon yadi.

Alhaji Maikuɗi ya aika aka kira shi. Bai ce ya zauna ba.

"Barau, aron noma na ba ka ko aron haƙa?"

"Alhaji, 'yar ƙasa ce ta bakin kwari..."

"Me ya ba ka?"

"Takalmi."

Alhaji ya dubi takalmin, ya daɗe yana dubansa. "Takalmi kake nuna mini. Abin da ba ka nuna ba fa? In ka cire albasarka, ka bar mini wurina."

Barau ya tafi benen. Ya roƙi Jonah ya kife duron nan a gaban Alhaji, kowa ya gani da idonsa.

"Bai yi ba," in ji Jonah. "Sai ganye ya bushe ya kwanta. In na tone yanzu na yi asarar wahalata duka."

"Kai dankali za ka rasa. Ni abincin gidana ne."

Jonah ya tsaya yana duban shukarsa, wadda ya yi ta hawa da ruwa a bokiti dominta safe da yamma. Ya ce, "Guda ɗaya. Kira shi."

Washegari da hantsi Alhaji ya hau matakala yana haki, Ɗanbala na biye da shi a matsayin masani, ya bar shayinsa a wuta. Barandar ba ta ɗauke su ba, Barau a bakin ƙofa ya tsaya. Mutane suka taru a ƙasa sun ɗaga kai. Jonah ya shimfiɗa buhu ya kife duro ɗaya. Ƙasa ta zube, ga 'yan dankali farare manne da saiwa, babban cikinsu bai wuce goro ba.

Alhaji ya ɗauki ɗaya, ya fasa da farce, ya sansana.

"Wannan ka zaɓa mana. Sauran fa?"

"Alhaji, duk abu ɗaya ne."

"In abu ɗaya ne, me zai hana?"

Barau ya dubi Jonah, Jonah ya ga fuskarsa. Ya kife na biyu, ya kife na uku, na huɗun ma da ƙafa ya ture shi. Ɗanbala ya tsuguna yana murza ƙasa, ya nemi gwangwanin tsakuwa aka ba shi, ya zazzage a tafin hannu. Tsakuwa ce.

"To, Alhaji, ka gani," in ji Barau.

Alhaji ya kakkaɓe hannu. Ya juya wajen Ɗanbala. "Kai me ka gani?"

Ɗanbala ya san garin duka na jiran bakinsa a ƙasa. Ya gyara murya. "Ni dai abin da zan ce, mutumin da ya yarda aka kife masa duro huɗu bai yi faɗa ba, ya riga ya kwashe abin da yake nema."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ya hau ji ke nan.

Da aka cire albasa ya karɓi fadamarsa. Ya sa lebura suka haƙa ta rami-rami, suka juye baƙar ƙasar ta koma ƙasa, jar laka ta hau sama. Ruwa suka tarar da yumɓu. Bai ce ya yi kuskure ba, ya ce lebura ne ba su yi zurfi ba.

Jonah ya soya 'yan dankalinsa a tukunya ɗaya, ya cika alkawari ya aika wa Barau kwano guda, duk da kwanon ƙarami ne. Da aikin titi ya matsa gaba, ya ce Barau ya zo ya kwashe durorin da ƙasar. Barau ya ɗora wa jaki ya mai da ita Kangire. Turai ta jera su bayan madafa ta shuka tattasai da albasa, suka yi kyau ƙwarai, don ƙasa ce mai kyau, kuma an tankaɗe ta.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci: Jonah ya rasa dankalinsa. Alhaji Maikuɗi ya karɓi gona ya kashe ta da hannunsa. Barau ya fi kowa asara, don fadamar da ya yi wa bauta, abin da ya rage masa a cikinta shi ne wanda ya sayar a bakin takalmi. Ɗanbala kaɗai ya ci riba, bencinsa bai taɓa cika kamar sanyin nan ba, har ya ƙara tebur.

Ko da damina ta faɗi, Alhaji ya aika Kangire wai a tambayi Turai ko za ta sayar masa da durorin nan, da ƙasar ciki. Ta ce a gaya masa tattasai ne a ciki. Ɗan aiken ya dawo ya faɗa, Alhaji ya ce, "Haka wancan ma ya ce dankali ne."