Gefen 'Yar Laraba

Shekara ashirin da shida na yi ina haɗa haruffa a 'Yar Laraba, amma da aka tashi kafa kwamitin da zai zuba ta cikin kwamfuta, sai aka ɗauko mai kemis, aka ɗauko hedimasta mai ritaya, aka ɗora musu wani ɗan kwangila a matsayin Ciyaman, mutumin da ba ya buɗe jarida sai an ce masa hotonsa na ciki. Ni kuwa ko sallama ba a aiko mini ba.

'Yar Laraba jaridar garinmu ce, shafi takwas, ranar Laraba take fitowa, shi ya sa sunan ya bi ta. A cikinta ake jin farashin hatsi, da wanda saniyarsa ta ɓace, da wanda ya rasu, da ranar da za a zo rigakafi. Ta mutu shekara goma sha tara ke nan. Abin da ya rage shi ne kwafin ofis, kundi talatin da ɗaya masu baƙin bango, kowace shekara da nata, suna jibge a ɗakin baya na laburare kusa da karyayyun kujeru.

To, akwai abin da duk ɗan garin nan mai furfura ya sani game da waɗannan kundaye. Edita, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai. Bai taɓa buga neman gafara ba, cewa yake jarida ba ta durƙusawa. Amma in ta tabbata an yi wa mutum ƙarya, sai ya buɗe kwafin ofis, ya ɗauki jan biro, ya rubuta gaskiyar a farin gefen shafin daidai labarin, ya sa kwanan wata. Sai ya aika a kira mutumin, a karanta masa, ya dangwala yatsa a ƙasa. Shi ke nan an wanke shi. In gardama ta kaure a kasuwa, ji za ka yi an ce, "Mu je gefe." A je a buɗe a gani, kowa ya kama bakinsa.

Mijin Yayata yana cikin mutanen gefe. Dogo ake ce masa, direban babbar mota ne. A shekara ta goma sha huɗu motarsa ta faɗa ƙarƙashin gada da 'yan kasuwa, mutum bakwai suka mutu, shi ya fita da karaya. Laraba na zuwa muka buga da manyan baƙi: DIREBA YA YI BARCI, MUTUM BAKWAI SUN MUTU. Da hannuna na haɗa shi. Na san mijin Yaya ne, amma Edita ya ce haɗa, na haɗa. Bayan wata huɗu makaniki ya kasa barci, ya zo da ƙafarsa ya ce shi ya ɗaure bututun birki da roba maimakon ya canza. Edita ya rubuta a gefe. Dogo ya zo daga gareji, don a lokacin ya koma wankin inji, ba mai yarda ya hau motarsa, ya dangwala yatsa da baƙin man da ke hannunsa. Ko tawada bai nema ba.

Dogo ya rasu da daɗewa. Amma Yaya, duk shekara sai ta ja jikokinta zuwa laburare a buɗe musu wannan shafi. Ba ta karatu, ba ta kuma taɓa ɓatan wurin ba.

Sai ga Injiniya ya iso daga birni da motarsa, da gilashi a goshi, da wata na'ura mai kama da tanda. Ka zura mata takarda ta nan, ta haɗiye, ta tofo ta can, hoton shafi ya fito a kwamfuta. Ciyaman ya yi ta zagaya ta yana shafawa kamar an kawo masa jariri. Ni ina zaune a bencin Tela, daidai tsallaken titi, ina kallonsu ta taga.

Tela ya ce, "Malam, ka leƙa mana. Kai ka san kayan nan."

Na ce, "Sun san gidana. Mai nema shi ke tafiya."

Rana ta uku sai na ji wata ƙara, ƙas, ƙas. Ko cikin barci na san wannan ƙarar, wuƙar yankan takarda ce ta tsohuwar maɗaba'armu, ni nake wasa ta. Na tsallaka titi na shiga. Ashe jaridarmu ta fi bakin na'urar faɗi da yatsa uku. Maimakon a nemo na'urar da ta dace da jarida, sai masu ilimi suka ga ya fi sauƙi a gyara jarida ta dace da na'ura. Sun farke ɗinkin kundi, suna jera shafi hamsin hamsin, suna datse gefe. Ƙasa duk siraran takardu, ga jan biron Edita a jikin wasu, ana sharewa ana durawa a buhu.

Na buɗe baki zan yi magana, Injiniya ya ɗago hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Baba, ba a shigowa nan. Ƙura na ɓata mana aiki. In tarihi kake son gani, ka jira ranar buɗewa, za a ba dattawa kujera."

Ni ne ƙura! Ni da na haɗa kowane harafi da yake zurawa a tandarsa! Ciyaman na tsaye yana murmushi, ya san ni sarai, amma ya kau da kai. Raina ya ɓaci. Na duba bangon kundin da ke kan tebur, shekara ta uku suke. Na juya na fita. A zuciyata na ce, ku ci gaba, ranar buɗewa zan tashi gaban jama'a in tsige ku tas, ku san shayi ruwa ne.

Kada in yi muku ƙarya, Dogo ya faɗo mini a rai kafin in kai benci. Shekara goma sha ɗaya ce tsakaninsu da shi, wato kusan mako biyu na aiki. Na ce gobe zan koma. Gobe ta yi, na tuna hannun nan da ya ɗaga mini, na fasa. Na zauna ina shirya jawabina, ina gwada wa Tela, yana dariya yana taka keke. Ƙas, ƙas, kullum daga hantsi har la'asar.

Ranar buɗewa aka cika ɗakin taro. Ciyaman ya sha sabon ɗinki, ya yi minti arba'in yana cewa an ceto tarihi, ya ambaci kansa sau tara, na ƙirga. Aka haska farin allo. Injiniya ya ce yanzu duk wanda ke duniya, da wayarsa kawai, zai rubuta kalma ɗaya labari ya fito masa. Ya ce a ba shi kalma. Wani daga baya ya ce, "Haɗari." Ya rubuta, ya danna.

Ga shi nan, faɗin bango. DIREBA YA YI BARCI. Da hoton motar ƙafafu sama, da hoton Dogo. Tas ya fito, har ya fi na takarda kyau.

Yaya na layi na biyu da jikarta mai shirin shiga jami'a. Ta miƙe a hankali, ta dafa kujera.

"Ɗan nan, matsa mana gefe."

"Mama, wane gefe?"

"Gefen dama. Inda aka yi jan rubutu."

Ya ja hoton dama, ya ja hagu. "Iyakarsa ke nan, Mama. Mun tsabtace shi."

Nan na tashi. Wallahi jawabi ya yi kyau. Na ce an kawo mana masu gilashi sun adana ƙarya sun zubar da gaskiya a buhu. Na ce ko akuya aka saka a ɗakin nan, da ta fi su tausayin takarda. Na ce Ciyaman bai san bambancin jarida da takardar ƙunshe kaya ba. Na bayyana gefe, na bayyana jan biro, na bayyana yatsa. Dattawa suna gyaɗa kai, matasa suna tafi, Ciyaman yana share gumi da hularsa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Injiniya ya sauke gilashinsa daga goshi. Fuskarsa ta canza, muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ba wanda ya gaya mini. Kai yaushe ka san muna yankewa?"

Da ma Tela ya riƙe bakinsa. Amma Tela ba ya iya ganin rami bai faɗa ba. Ya ce, "Ai tun rana ta uku ya gani, ya ce sai yau zai faɗa."

Ba wanda ya ƙara tafi. Yaya ta juyo ta dube ni, ta kama hannun jikarta suka fita.

Injiniya ya biyo ni waje. Ya ce zai iya liƙa ƙarin bayani a ƙarƙashin labarin, amma ƙa'idar aikinsu sai da shaida a rubuce. Wace shaida? Edita ya mutu, makaniki ya mutu, Dogo ya mutu. Saura ni, ƙanin matarsa, wa zai yarda da ni? Ya ce in na samo yankin takardar, shi da kansa zai ɗauki hotonsa ya haɗa.

Buhu tara ne a bayan laburare. Da na je na tarar da bakwai, mai kiwon kaji ya ɗauki biyu ya shimfiɗa wa 'yan tsaki. Na kwashe bakwan zuwa zaurena. Kwana biyar ina warware siraran takardu, bayana kamar zai tsage. Na sami jan biro ya fi ɗari biyu. "Ba shi ya sace ba." "Ƙarya aka yi mata." "Gonar tasa ce." Wa? Wace? Wace gona? An raba su da shafukansu, sun zama maganar mahaukaci. Mutum ɗari biyu da aka wanke, duk sun koma cikin datti, su kuma ƙaryayyakin suna can suna sheƙi a wayar kowa. Na je gidan kaji ma, na dawo da wari kawai.

Na Dogo bai fito ba.

Rana ta shida jikar Yaya ta zo gaishe ni. Ta ce wata ƙawarta ta turo mata shafin a waya, tana tambaya, wannan ba kakanku ba ne? Ta ce Yaya ta daina fita ko ƙofar gida.

Da ta tafi na zauna na yi abin da na iya. Na zaɓi farin yanki mai tsufa daidai, na nemo jan biro. Rubutun Edita na fi shekara ashirin ina karanta shi, na san yadda yake karya kowane harafi. Kalmomin kuwa suna kaina: "Bai yi barci ba. Birki ne ya tsinke, makaniki ya amsa." Na sa kwanan wata. Na je gareji na shafo baƙin mai, na dangwala, na shanya a rana, na murza shi kaɗan. Ko Edita ya tashi sai ya rantse nasa ne. Injiniya kam, da gilashinsa da na'urarsa, ko a mafarki ba zai gane ba.

Amma na ce bari in fara kai wa Yaya ta huce. Na same ta a tsakar gida kan tabarma, na durƙusa na miƙa mata.

"Yaya, an dace. Ga shi."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido, ta bi jan rubutun da yatsa har ƙasa, ta tsaya a kan baƙin tabon. Ta daɗe a wurin.

"Babban yatsan Dogo a tsage yake," ta ce. "Bel ɗin inji ya yanke shi tun kafin ka shiga aikin nan. Duk inda ya dangwala sai ka ga farin layi a tsakiya. Na fi shekara talatin ina duba layin nan."



Ta ninke takardar, ta kamo hannuna ta saka mini a tafi, ta rufe yatsuna a kai.

"Auta, ka taɓa haɗa wa mijina ƙarya sau ɗaya, na haƙura na ce aiki ne. Wannan kuma wa ya sa ka?"