Macijin Cikin Damin Azara

Duk unguwar Hindawiyya an san Ummulkhairi mai fura da tsoro. Ko tsaka ta gani a bango sai ta bar turminta ta gudu. Maciji kuwa ko sunansa ba ta faɗa, don shi ya kashe mahaifiyarta a hanyar Sudan suna tahowa Makka.

Shekarar da ita da mijinta Lurwanu suka gina ɗakin dutse bayan dogon zama a bukkar kwano, sai ya sayo azarar rufi daga Jidda, irin wadda jiragen ruwa ke kawowa daga tsibirai. Da hantsi ya durƙusa yana kwance damin farko, ita tana daka gero a gefe. Maƙwabcinsu Yunus, tsohon tela mutumin tsibirin Jawa, yana tsaye yana kallo.

Igiya na sakewa wani abu ya sulalo daga tsakanin itatuwan, baƙi mai ratsin ja, kansa faffaɗa. Ya naɗe dab da gwiwar Lurwanu ya ɗaga kai.

"Ya Sattar!" in ji Yunus. "Kada ka motsa! Na ƙasarmu ne, kan itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan teku yake zama. Ba ya gudu, sara yake yi."

Lurwanu ya daskare, gumi na ɗiga daga gemunsa. Yunus ya waiga neman sanda, babu.

Ƙafafun Ummulkhairi suka ce ta gudu. Ƙofa na bayanta a buɗe. Sai ta dubi gwiwar mijinta, ta dubi taɓaryar da ke hannunta.

"Malam, rufe idonka," ta ce.

Ta yi bisimilla ta sauke taɓarya a kan macijin kamar mai daka, ta sake, ta sake, har Yunus ya riƙe hannunta. "Halas, ya Hajja, ya isa haka! Ya mutu!"

Nan ta zube ƙasa tana kuka haɗe da dariya. Mata suka cika gidan, Rumasa'u mai wanki ta rangaɗa guɗa har aka ji a bakin titi. Yunus ya rataya gawar a sanda yana nuna wa Larabawa da Hausawa, yana cewa a garinsu ma maza ne ke haɗuwa su kashe shi.

Sauran dami na nan a ɗaure, ba wanda ya yarda ya taɓa. Ummulkhairi ta share fuska, ta ɗaura ɗamara da mayafinta.

"Malam, miƙo wuƙar. Ku matsa baya."