Kunyar Suruki a Bakin Bahar Rum

Shekara goma sha ɗaya Lirwanu mai fenti yana auren Mansura a Gummi, ko ruwa bai taɓa kurɓa a gaban mahaifinta ba. Ba wani abin yabo ba ne, haka kowa yake yi. In ya je Bukkuyum gaisuwa aka kawo tuwo, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Matan gida kuwa sun san zancen, sai su zagaya da kwanon ɗakin baya, ya ci abinsa har ya suɗe hannu.

Ana nan sai ga tafiya Masar. Surukin nasa, Alhaji Haladu, yanar ido ta rufe masa gani, aka ce a kai shi Iskandariyya a yi masa aiki. 'Ya'yansa maza damina ta riƙe su a gona, Lirwanu kuma yana da ɗan Larabcin islamiyya, don haka aka ɗora masa rakiya. Ya yi murna har ba a magana. Mutumin da ya saba zana furanni a bangon ɗakin amare da bayan manyan motoci, yau zai ga zanen mutanen bakin Bahar Rum da idonsa.

Aiki ya yi kyau. Likita ya ce su jira kwana goma kafin su hau jirgi.

"Ni ba ni zama ɗaki," in ji Alhaji. "Shekara huɗu ina cikin duhu. Nemo muna mota mu ga garuruwan mutanen ga."

Suka fara da Iskandariyyar kanta. A wani gidan tarihi Lirwanu ya ga hoton kare zaune kusa da tulun da ya kife, an haɗa shi da 'yan duwatsu ƙanana kamar ƙwayar dawa, kowane da launinsa. Ya tsaya baki buɗe, Alhaji na riƙe da hannun rigarsa, don ƙafafun tsohon ba su gama yarda da sabon idon ba. Tun asuba har kwanciya haka yake riƙe da shi, kuma ɗakinsu ɗaya.

Da azahar suka zauna gidan abinci a bakin ruwa. Aka kawo gasasshen kifi ya sha tafarnuwa da lemun tsami, da shinkafa ja wadda aka dafa da soyayyar albasa.

"Bisimilla, Malam."

"Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

Mai kawo abinci ya tambaye shi da Larabci ko ba zai ci ba. Lirwanu ya maimaita masa cewa ya ƙoshi, yana jiran mutumin ya gane. Bawan Allah ya ɗauke farantin ya yi ciki da shi, shi ke nan. Ashe su a nan in ka ce ka ƙoshi, ka ƙoshi ɗin ne, kuma babu ɗakin baya. Alhaji ya gama, ya wanke hannu, ya kamo hannun riga ya ce su tafi.

A Rashid, inda kogin Nilu yake shiga teku, suka ga tsofaffin benaye na jan bulo da baƙi, da tagogin katako da aka sassaƙa kamar saƙar hula. Lirwanu ya fito da littafinsa yana kwafar zanen, layi na karkacewa don yunwa. Ranar kuma agwagwa aka kawo, an cusa mata albasa a ciki. Ya sake ƙoshi. Abin da ke riƙe da shi dabino ne da busasshen burodi, wanda yake haɗiya a tsaye in Alhaji ya shiga wanka, shi kuwa tsohon wankan soja yake yi.

Ya kira Mansura ya faɗa mata. Ta yi dariya har da tari.

"To ka ci mana, ai ba Bukkuyum kake ba."

"Ke, mahaifinki ne fa. Da wane ido zan dube shi in mun koma?"

"Da wanda ya rage maka in yunwa ta bar ka," ta ce, ta ci gaba da dariyarta.

Rana ta shida suka isa Matruh. Lirwanu ya san shuɗi, ya san kore, ya sha gauraya su a bokiti, amma launin ruwan nan bai san ta inda zai fara ba. Sai dai yana kallo tekun na juya masa, jiri ne. Aka jera musu tebur a kan farin yashi, aka kawo kifi biyu manya da ɓaure a gefe. Ya buɗe baki zai ce ya ƙoshi, cikinsa ya riga shi magana, da ƙarfi kuwa. Kunya ta kama shi kamar ya nutse a yashin.

Alhaji ya ci 'yar lomarsa, sannan ya ja kujera ya ɗan karkata ta wajen ruwa.

"Malam, aikin ga rabi likita ya yi. Nesa ina gani tar, ga jirgin ruwa can. Amma abin da ke kusa da ni, ko raƙumi ne ba ni ganinai. Bari in kalli ruwan ga, zan daɗe."

Lirwanu ya dubi ƙeyar tsohon, ya dubi kifin. Ya miƙa yatsu biyu a hankali kamar ɓarawo, ya kai baki. Wallahi bai taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Loma ta uku ya manta da hankali, ya naɗe hannun riga ya sa hannu sosai.

Alhaji, fuskarsa na wajen teku, ya ce, "Bi sannu wajen wutsiyar nan, akwai ƙaya."

Hannun Lirwanu ya tsaya. Kunya ta taso masa, ƙaunar tsohon ta taso ta danne ta, har idonsa ya cika da ƙwalla. Ya lalubo ƙayar ya ajiye a gefen faranti.

"To, Baba," ya ce, ya ci gaba da ci.